Motar da Silonta Ya Ƙi Zama

Jama'a masu karatu, wannan abin da zan gaya muku ba tatsuniya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji shi ba, ni ɗin nan ya faru da ni, wallahi tallahi, na kuwa tsufa yanzu, na wuce shekarun da zan zauna in shirya muku ƙarya don ku yi mamaki. Lokacin ina saurayi, ina tuƙa motar ɗaukar gyaɗa tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe, a shekarun nan da ake ta haƙa hanyar jirgin ƙasa ana nufo Gusau da ita amma jirgin bai iso ba tukuna. Mota a ƙasar nan a lokacin sai ka yini a kan hanya ba ka gamu da ko ɗaya ba, sai jakuna da raƙuma da masu kaya a ka.

Ni mutumin Zazzau ne, a can na koyi tuƙi da ɗan gyara, wani Balarabe ɗan kasuwa ya ɗauko ni ya kawo ni Gusau ya danƙa mini motarsa. Kada ku ji an ce mota ku ɗauka irin ta yanzu ce. Tsohuwa ce tun a lokacin, ta sha wuya a hannun mutane da yawa kafin ta zo hannuna, ƙafafunta sirara dogaye, gidan gaban da direba ke zama na katako ne wanda wani kafinta ya haɗa aka ɗora a kan ƙarfen motar, babu ƙofa, sai benci ɗaya mai cin mutum biyu. Tayar da ita kuwa sai ka je gabanta ka zura ƙarfen nan da muke ce wa handil ka yi ta juyawa, in ta ga dama ta tashi, in ba ta ga dama ba ta mayar maka da ƙarfen ta karya maka hannu. Na san wanda ta yi wa haka. Shi ya sa in na tsaya a hanya, ko salla ko shan ruwa, ba na kashe ta, sai in bar ta a silo, wato ɗan kukan nan da inji ke yi a hankali in mota na tsaye. Silo a wurina ba abin wasa ba ne, domin in ta mutu a daji ta ƙi tashi, babu mai tura ni, babu mai jin kirana.

Ni kaɗai nake tafiya. Leburori su loda kaya a wannan gari, wasu su sauke a wancan, ba wanda ke yarda ya hau, mutane tsoronta suke ji, suna cewa wuta ce a cikinta, kuma gaskiyarsu ne. A Gusau ɗaki aka ba ni a bayan siton gyaɗa. Ba ni da mata, mahaifiyata ta rasu kafin in taso daga Zazzau, babu wanda na sani. Ba wai mutanen garin sun wulaƙanta ni ba ne, a'a, in mun haɗu a masallaci a gaisa lafiya lau, sai dai jikina kullum warin fetur yake, maganata ta Zazzau tana ba su dariya, tasu ni ma wani lokacin ba na kama ta, sai kowa ya kama gabansa. Ranar sallar farko da na yi a garin, na dawo daga idi na zauna a ƙofar ɗakina da sabuwar rigata ina jin kiɗa daga cikin gari, har rana ta faɗi ba wanda ya yi mini sallama. To, a hankali sai na koyi yin magana ni kaɗai a mota. In ga gwaggon biri a kan dutse in ce, "Kai, dubi wancan." In buɗe ƙunshin ɗumamena in ce, "Bismillah," alhali ba kowa. In zan tashi in ce, "To, mu tafi." Ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ana cikin haka, wajen tsakiyar kakar gyaɗa, silon motar nan ya lalace. Kuma lalacewar wata iri ce. In na tsaya sai in ji kukan injin ya yi ƙasa-ƙasa, yana fita da ƙyar kamar zai mutu, can sai ya ɗaga da kansa ya koma daidai, ya zauna haka, can kuma ba dalili sai ya sake yin ƙasa. In na ƙara mata wuta kaɗan da ɗan ƙarfen totur da ke jikin sitiyari don kada ta mutu, in ta ɗaga sai ta yi ta ihu tana shan mai a banza, mai kuwa a gwangwani ake kawo shi daga nesa, maigidana ba ya son ya ji an ɓarnatar da ko ɗigo. In na rage kuma sai ta mutu. Ta mutu mini a yashi wajen Wanke da rana tsaka, na yi ta juya handil har tafin hannuna ya saluɓe. Maigida ya kira ni ya ce in ba zan iya da ita ba in faɗa, akwai wani direba a Zariya da ke neman aiki. Ni kuwa in an kore ni ban san inda zan nufa ba.

Sai na tsaya na bi ta daki-daki yadda aka koya mini. Na fara da mai, domin yawancin ciwon silo daga ƙazantar mai yake. Na juye tankin gaba ɗaya, na tace man da ƙyalle, na kuwa samu ruwa da tsatsa a ƙasa, na ce alhamdu lillahi ga ɓarawon. Na mayar, na tayar, ta yi lafiya yini guda, kashegari ta koma gidan jiya. Na kwance kafireta, wato wurin da mai da iska ke gauraya kafin su shiga inji, na shimfiɗa tabarma na jera kayanta, na hura kowace 'yar kafa da bakina har na ƙoshi da fetur, na girgiza 'yar kwalbar cikinta a kunne ko ta sha mai, lafiyarta ƙalau. Na cire fulogai na goge baƙin da ke kansu, na mayar, na riƙa taɓa su ɗaya bayan ɗaya da sukurdireba inji na tafiya don in ji ko akwai wanda ba ya ba da wuta, duka suna bayarwa, ɗaya ma ya ja ni har gwiwar hannu. Daga nan na ce to ko iska take sha ta inda bai kamata ba, na kaɗa kumfar sabulu na shafa a mahaɗar kafireta da inji, sai ga kumfar tana shigewa ta wani ɗan gefe. Na yanko sabuwar takarda mai kauri na sa a tsakani na ɗaure tam. Wayoyi duk na bi su na naɗe wanda ya goge. Kai, ba abin da ban yi ba. Injin ya yi daɗi fiye da yadda na same shi, yana ja kamar doki, amma wannan hawa da saukar na silo yana nan, ko gezau.

Abin da ya riƙa damuna shi ne, inji in ƙazanta ke damunsa tari yake yi, yana sarƙewa, yana fizga. Wannan ba ya tari. Sumul yake sauka, ya zauna a ƙasa, sumul kuma ya hau.

Inda na gano cutar a Tsafe ne. Akwai wani dattijo mai auna gyaɗa a siton maigidana na can, Malam Bawa, mutum mai fara'a da ɗan ilmin addini, shi kaɗai ne ke ɗan tsokanata da hira in na zo. Ran nan bazara ta fara, rana kamar ta fasa kai, an gama sauke kaya, na buɗe murfin inji na sunkuya ina saurare, silo yana daidai. Shi kuwa Malam Bawa zafi ya ishe shi, ya ga inuwa a gidan gaba, ya yi ƙundunbala ya hau ya zauna a gefen da ba na direba ba, abin da bai taɓa yi ba. Yana zama sai injin ya yi ƙasa, daidai irin saukar nan da ta hana ni barci. Na ɗago kai na ce, "Baba, don Allah sauka!" Ya diro a firgice yana cewa, "Mi na yi? Ban taɓa komi ba, wallahi!" Yana sauka injin ya ɗaga. Na ce, "Koma ka zauna." Ya ce, "Kai yaro, wasa kaka yi da ni?" Na roƙe shi, ya hau, injin ya yi ƙasa. Ya sauka, ya hau, ya sauka, leburori suna ta dariya.

Na shiga ƙarƙashi na duba, ashe ƙusar ƙarfen da ta ɗaure katakon gidan gaba da jikin motar ta wancan gefen ce ta karye. In nauyi ya hau wannan gefen sai gidan ya ɗan karkata, sandar totur kuwa ta jikin katakon ta bi ta wuce zuwa kafireta, sai karkatar ta tura ta ta rage wa injin mai. Gefena lafiya yake, shi ya sa nawa nauyin ba ya yin komai. Ɗan abu kaɗan! Na fito ina murna kamar an yi mini bushara, Malam Bawa ya ce, "To, madalla, ka ga amfanin tsoho." Na ce da na isa Gusau maƙeri zai buga mini wata ƙusar, shi ke nan.

Na kama hanya ina ta waƙe-waƙena. Da na zo kusa da dutsen Kwatarkwashi azahar ta yi, na tsaya a gefen hanya, ba gida ba gona kusa, ba kowa sai kukan kurciya. Na sauka da butata, silo yana ƙasa, ban kula ba don na saba. Na tsuguna na fara alwala, sai na ji ya ɗaga. Ina wanke hannu sai tunanin ya faɗo mini, wallahi kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya. Na gano abin da ke sa silo ya sauka, nauyi ne a kan bencin. To, duk watannin nan da yake hawa yana sauka, ni kaɗai a daji, wa ke zama?

Na yi sallar nan ban san abin da na karanta ba. Na sallame, na naɗe buzuna, na ɗauki buta, na miƙe na fuskanci motar, rana tsaka, komai a fili, ina kallon bencin nan ba kowa a kansa. Sai na ga gidan gaba ya ɗan kwanta ta wancan gefen a hankali, katakon ya yi ƙara ƙiii, injin ya yi ƙasa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa da idona na gani. Kamar dai mutum ya ga abokin tafiyarsa ya idar da salla, ya riga shi hawa ya zauna yana jira.

Inna lillahi! Na tsaya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai a lokacin na tuna yadda abin yake tafiya tun farko: in na tsaya silo na ƙasa, in na sauka na ɗan jima sai ya ɗaga, in na tattara kayana zan tafi sai ya koma ƙasa. Kullum haka, ni ne ban lura ba. Gudu ya zo mini a rai, amma in gudu ina? In bar motar mutane a daji? Haka na lallaɓa na hau, na manne a gefena, ban waiwaya ba har Gusau, gashin hannuna na wannan ɓangaren duk a tsaye. Ba wari, ba murya, ba numfashi, ba komai. Nauyi ne kawai.

Kashegari na yi wata dabara ta wauta. Na ɗora buhun gyaɗa a bencin, na ce in wurin a cike yake ai ba inda za a zauna. Buhun ya sa silo ya sauka, na saita totur a kan haka, na fita bayan gari na tsaya na sauka ina kallo. Can sai katakon ya sake yin ƙara, gidan ya ƙara kwantawa, injin ya yi ƙasa har ya mutu. A kan buhun ya hau. Ban sake gwada wannan ba.

Maƙeri ya buga mini ƙusar, na sa ta a aljihu. Aikin ɗaura ta bai fi a sha ruwa a tashi ba, amma ban ɗaura ba. Da farko na ce wa kaina gara in riƙa sanin lokacin da yake nan da lokacin da ba ya nan, ya fi a ce yana zaune ban sani ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Kwana ya yi ta tafiya abin bai yi mini komai ba, tsoron ya riƙa raguwa, sai wani abu ya maye gurbinsa wanda har yau ina jin nauyin faɗarsa. Na fara jin daɗi. Mutumin da ya shekara ba wanda ke jiransa, sai ga wani abu yana jiransa ya idar da salla. Da safe in na tayar da mota sai in tsaya in kasa kunne, in na ji silo ya sauka sai in ce, "Ka iso? To, mu tafi." Na koyi saita totur ta yadda ba za ta mutu ba ko yana ciki ko ba ya ciki, maigida ya daina faɗa. Na riƙa ba shi labarin Zazzau, da na mahaifiyata, da yadda take dama fura, abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani lokaci a hanyar Rawayya in na tsaya sai ya sauka ya daɗe, ni kuwa in zauna a inuwa ina jiransa, ina tunanin ko 'yan'uwa gare shi a wajen.

Malam Bawa ne ya lura na canja. Ya ce ya ga ba na tsayawa hira, ina sauke kaya sai in koma mota in zauna bakina na motsi. Ya tsare ni ya ce, "Kai da wa kaka magana?" Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na gaya masa duka. Bai yi dariya ba. Ya ja carbinsa, sa'an nan ya ce shi bai san ko mene ne ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ya ce ya sani ba, Allah Ya halicci abin da muke gani da wanda ba mu gani. Amma ya ce in daina yi masa magana, kada in tambaye shi suna, kada in roƙe shi komai, in riƙe Falaƙi da Nasi safe da yamma, in ɗaura ƙusar nan yau. Ya ce, "Kuma in ka zo Tsahe, gidana za ka ci tuwo. Ba ka da kowa ne shi ya sa." Na ce to. Addu'ar na riƙe, ƙusar dai tana aljihu.

Ƙarshen bazara aka aike ni Bungudu in kwaso ragowar kaya kafin ruwa ya rufe hanya, don da damina mota ba ta tafiya. Na lodo, na juyo wajen la'asar. Tsakanin Bungudu da Gusau akwai wani rafi mai faɗi da ke gangarawa gulbi, duk rani busasshe ne, yashi ne zalla, kuma da kaya ba ka haye shi sai ka shimfiɗa zana a ƙarƙashin ƙafafun mota, ka matsa kaɗan, ka sauka ka ɗauko na baya ka mayar gaba, haka har ka fita, aiki ne mai cin lokaci ga mutum ɗaya. Sama a kaina garau take, sai can gabas mai nisa da ta yi ɗan duhu, ko iska babu. Na tsaya a bakin gangaren, na sauka, na ji silo ya ɗaga, na ce shi ma ya sauka ke nan. Na shiga yashin na jera zanata, na dawo na hau na ce, "To, mu tafi."

Shiru. Silo yana sama.

Na jira. Na sake cewa, "Mu tafi mana, yamma na yi." Ba abin da ya motsa. Bai taɓa yi mini haka ba, in dai na hau na kira, yana hawa. Ku ji wautar ɗan Adam, ba tsoro ne ya kama ni ba, baƙin ciki ne. Na ce shi ke nan, shi ma ya gaji da ni. Na sa giya zan gangara, ƙafata ta kasa sakin birki, na ji ba zan iya haye rafin nan in bar shi a wannan gefen ba. Na fitar da giyar, na sauko na zauna a matakin mota na haɗa kai da gwiwa, ƙato da ni, ina cewa, "Me na yi maka?" Ban san iya daɗewar da na yi a haka ba.

Sai wata iska mai sanyi ta bugo ni, mai ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya. Daga nan na ji wani ruri daga sama da rafin, kamar garken shanu ya ɓarke da gudu. Na miƙe. Ruwa ne, ja wur, ya taho a tsaye kamar katanga, ɗauke da itatuwa da kara da wata akuya ƙafafu a sama, ya shafe zanata kamar ba a taɓa shimfiɗa su ba, kafin in ce wani abu ya cika rafin baki da baki. An yi ruwa can gabas ban sani ba. Da na gangara lokacin da na sa giya, da a tsakiya zai same ni, ina durƙushe ina jan zana.

Ina tsaye ina kallon ruwan nan, sai na ji katako ya yi ƙiii a bayana, injin ya yi ƙasa a hankali. Ya hau.

Za ku ce ai sai godiya, ya cece ni. Ni ma na so in ji haka, amma wallahi ban taɓa jin tsoro a rayuwata irin na wannan lokacin ba. Domin na ga abin nan ya san abin da ban sani ba, na kuma ga ni yanzu ba na motsi sai da shi. Ban ma san ko cetona ya yi ba, ko kansa ya tsare ni kuwa na bi shi kamar raƙumi da akala. Yau ya ƙi hawa na tsaya. Gobe in ya hau a inda bai kamata a shiga ba fa? Ai zan shiga, ina murna ma. Na miƙa raina ga abin da ban san fuskarsa ba, ban san addininsa ba, ban san abin da yake nema a wurina ba.

Nan take na kashe injin, na ɗauko sifana, na shiga ƙarƙashin motar, daidai ƙarƙashin inda yake zaune, ina karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Katakon ya danne ramin ƙusar, sai da na sa kafaɗa na ɗaga, kuma nauyin da na ɗaga ya fi na katako, wannan kafaɗata ta shaida. Na zura ƙusar na ɗaure har sifanar ta zame. Hawaye na zuba a kunnena ina kwance, ban san na mene ne ba. Na fito na juya handil, bugu ɗaya ta tashi, silo sumul, daidai, kamar sabuwa. Na juya na koma Bungudu na kwana a gidan mai unguwa, sai da ruwa ya janye aka taimake ni na haye.

Tun daga ranar silon motar nan bai sake motsi ba. Na daina magana a hanya, kuma kada in ɓoye muku, kewar da na yi a makonnin farko ta fi ta da, sai in tsaya salla in idar in kasa kunne, inji na ta kukansa ɗaya ba canji. Na riƙa zuwa gidan Malam Bawa cin tuwo, ta nan na saba da mutane, har daga baya ya nema mini auren 'yar ƙanwarsa, ita ce uwar 'ya'yana. Na ce abin ya wuce.

Da kaka ta zagayo, wata rana na tsaya a Nahuce da hantsi, ga wata tsohuwar Bafulatana a gindin itace da ƙwaryar nono. Na sauka na gaishe ta na ce ta dama mini fura. Ta dama, ta miƙo mini ƙwaryar da ludayi biyu a ciki. Na ce, "Inna, ai ni kaɗai ne." Ta ce, "Abokin tafiyarka fa, ba shi sha?" Tana faɗa tana nuna motar da haɓa. Na waiga, benci ba kowa, inji na silonsa lafiya lau. Na juyo na dube ta, ita kuma ta dubi motar ta dube ni, na ga fuskarta ta canja. Ta sa hannu ta zare ludayi ɗaya ta ce, "Yi haƙuri ɗana, idona ne, tsufa." Na ce, "Inna, don Allah me kika gani? Yaya kamarsa?" Ta jira na ajiye ƙwaryar, ko rabi ban sha ba, ta haɗa kayanta ta aza a ka ta bi ta cikin gona da sauri, ba ta bi ta gefen motar ba.

Na ƙara shekara ina tuƙa motar nan, har jirgi ya iso Gusau maigida ya sayar da ita, ban san inda ta ƙare ba. Ban sake ji ko ganin komai ba, kuma ban taɓa samun wanda ya fassara mini abin ba, malamai da yawa na tambaya, kowa sai ya ce Allah ne masani.

Shawarata gare ku, musamman direbobi da masu gyara, in silon mota ya ƙi zama ku bi shi a hankali, mai, kafireta, fulogi, iska, sandar totur, a ciki za ku samu, kuma in kun samu ku gyara a ranar, kada ku kwana da shi. Kada ku hau mota ba addu'a. Kada ku saba da yin magana a inda kuka san ba kowa, domin ba ku san wanda zai ɗauka da shi kuke ba. In kuma kun ga baƙo a garinku yana cin abinci shi kaɗai a ƙofar ɗaki, don Allah ku kira shi. Ni dai motar ta tafi tun tuni, amma wani lokaci in ina zaune ni kaɗai a zaure sai in tambayi kaina, shin abin nan motar yake bi, ko ni? Ba na son in san amsar. Allah Ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba mu gani, amin.